Hawan Jini a Karkarar Wurno, Rabah da Goronyo: Kulawar da Ba Ta Yankewa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa barin Sakkwato da rani, ya bi ta Achida ya nufi Wurno ko Goronyo, ya san abin da ido ke gani. Tudu ya bushe ƙayau, ƙura ta lulluɓe itatuwa, amma da an gangara fadamar Gulbin Rima sai a tarar da albasa da tafarnuwa da shinkafa sun yi kore shar. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ce take riƙe ruwan damina tana sakinsa cikin gulbi sannu a hankali. Duk da haka kowane manomin rani ya san cewa ruwan da ke kwance a madatsa ba shi da amfani ga fangalinsa, sai ya sami hanyar da ba ta yanke ba. In hanyar ta fashe a tsakiya, ko injin ya tsaya na mako biyu, shuka ta ƙone, kome yawan ruwan da ke can sama.

Haka yake ga mai hawan jini. Maganin wannan ciwo sananne ne, ba shi da wuyar sha, yana kuma cikin magunguna masu araha. Abin da ke kayar da mutanenmu na karkara shi ne yankewar hanya tsakanin magani da mai bukatarsa. Wannan darasi zai bayyana abin da hawan jini yake, wuraren da kulawa take yankewa a wannan yanki namu, abin da ake nufi da haɗaɗɗiyar kulawa, da kuma abin da mu kanmu za mu iya yi.

1. Menene hawan jini?

Mu koma ga injin ban ruwa. Injin yana tura ruwa cikin tiyo da ƙarfi. Idan ƙarfin ya yi daidai, ruwa ya isa gona lafiya, tiyo kuma ya daɗe. Idan ƙarfin ya wuce kima kullum, ko bakin tiyo ya matse, injin zai wahala, tiyo zai yi rauni, wata rana kuwa ya fashe a inda ya fi laushi. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Hawan jini shi ne a ce ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiyoyi da shi ya hau, ya kuma zauna a sama wata da watanni.

Idan aka auna mutum, lamba biyu ake faɗa masa. Ta sama tana nuna ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa tana nuna ƙarfinsa sa'ad da ta saki. Bisa ga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka auna a ranaku biyu dabam aka sami ta sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye, yana da hawan jini.

Abu mafi muhimmanci da za mu riƙe shi ne, yawancin masu wannan ciwo ba sa jin kome. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, yana dariya, alhali ɓarna tana gudana a ciki. Mutane da yawa suna tsammani ciwon kai ko jiri shi ne alamarsa, saboda haka in kai ya lafa sai su ce jini ya sauka. Wannan kuskure ne. Babu hanyar sani sai awo. In aka bar shi shekara da shekaru, inda tiyo ke fashewa wurare huɗu ne: ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye, zuciya, sai ta kumbura ta gaza, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙoda, sai ta daina tace jini, da ido, sai gani ya ragu.

Har wa yau, akwai masu cewa ciwon attajirai ne, ko na masu yawan tunani kaɗai. Damuwa takan ƙara shi, gaskiya ne, amma gado da shekaru da yawan gishiri da ƙiba da giya da ciwon ƙoda duk suna kawo shi. Yakan kama siriri kamar yadda yakan kama mai jiki, ba ya kuma tambayar ko mutum a birni yake ko a ƙauye.

2. Girman al'amarin

A watan Satumba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko a kan hawan jini. Ta nuna cewa masu ciwon sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma wajen mutum ɗaya ne cikin biyar jininsa ya sauka inda ake so. A Nijeriya, wani nazari da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kusan babban mutum ɗaya cikin uku yana da hawan jini, watau mutum miliyan 27 da ɗoriya. Waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, masu shan magani kuwa sun fi haka ƙaranci ƙwarai.

A nan gida ma an yi nazari. A 2003 likita Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya buga binciken da ya nuna cewa a Sakkwato an fi kwantar da masu cututtukan da hawan jini ke jawowa a lokacin sanyin hunturu. Sanyi yakan matse jijiyoyi, jini ya ƙara hawa. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da manomin rani ke shiga ruwa da asuba, lokacin da matasa da magidanta ke tafiya cin rani, suna barin katin asibiti a gida.

Mata suna da nasu kaso na musamman. Hawan jini lokacin ciki shi ke kai ga jijjiga, wadda take cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin ƙasar nan. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki, yana ƙara wa zuciya nauyi.

3. Inda hanya take yankewa

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani magidanci mai shekara 55 a wani ƙauye na ƙasar Rabah. Wata rana masu aikin lafiya suka zo kasuwa, aka auna shi, aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi na mako biyu. Ya sha, suka ƙare. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan magani na tsawon rai ne, ba kuma wanda ya rubuta sunansa domin a neme shi. Da yake ba ya jin ciwo, sai ya ɗauka ya warke. Bayan shekara biyu, ana tsakiyar cirar albasa, ya tashi da safe hannunsa na dama ba ya motsi, baki ya karkace. Aka yi kwana uku ana jiƙe-jiƙe, sa'an nan aka ɗauki hayar mota zuwa Sakkwato, aka sayar da tumaki biyu da rabin amfanin gona. Ya rayu, amma ba ya iya riƙe fartanya. Babban ɗansa ya bar makaranta, matarsa ta bar sana'a ta zama mai jinya.

Wannan misali ne kawai, amma wanene a cikinmu bai san gida irin wannan ba? Idan muka duba da kyau za mu ga hanya ta yanke a wurare da dama.

Na fari, awo ba ya zama abin yau da kullum. Mutum zai je ɗakin shan magani domin zazzaɓi sau uku a shekara, ba a ɗaura masa abin awo ko sau ɗaya ba.

Na biyu, nisa da kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da farashin magani suka tashi. Ga mutumin ƙauye, sau da yawa kuɗin zuwa karɓo magani ya fi kuɗin maganin kansa.

Na uku, ƙofofi da yawa. Mace ɗaya tana da hawan jini da ciwon sukari, ga goyo a bayanta. Awon jini ranarsa dabam, gwajin sukari a wani gari, rigakafin yaro a wata rana, kowane wuri da katinsa, ba kuma mai sanin abin da ɗayan ya rubuta. Tilas ta zaɓi ɗaya ta bar sauran, kuma kowa ya san na yaro za ta zaɓa.

Na huɗu, komawa gida daga babban asibiti. Likita a Sakkwato ya daidaita magani, ya sallami majinyaci, amma babu takardar da ta isa hannun malamin asibiti na ƙauye. Da magani ya ƙare sai a nufi kemis da tsohon kwali, ko a haƙura.

Na biyar, tashin hankali da ambaliya. A watan Yuli na 2018 aka kai hari ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da arba'in a kasuwar Goronyo. Kafin wannan, ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman kati da ƙwayoyi, tsoro da rashin barci kuma suna ƙara hawan jini.

4. Menene haɗaɗɗiyar kulawa?

Haɗaɗɗiyar kulawa ita ce a haɗa waɗannan guntayen hanyoyi su zama hanya ɗaya. Tana da fuska biyu. Ta farko, a haɗa matakai: gida, ɗakin shan magani na mazaɓa, babban asibitin ƙaramar hukuma a Wurno ko Rabah ko Goronyo, da asibitocin ƙwararru a Sakkwato, kowanne ya san aikinsa, labarin majinyaci kuma ya riƙa binsa hawa da sauka. Ta biyu, a haɗa bukatun mutum ɗaya: jini, sukari, ƙoda, awon ciki, damuwar zuciya, a duba su wuri ɗaya, rana ɗaya, a kati ɗaya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Taron Alma Ata na 1978 ya ɗora lafiyar al'umma a kan kiwon lafiya matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙarin kafa wannan tsari a ƙananan hukumomi, aka kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da shi a 1992. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman wanda ba zai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, da nufin kowace mazaɓa ta sami cibiyar lafiya mai aiki. Jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244, tana kuma da hukumar taimakekeniyar lafiya da ake kira SOCHEMA. Sai dai tun farko an gina ƙananan asibitocinmu ne domin zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da haihuwa, watau abubuwan da ake yi a gama. Ciwon da ke bukatar a riƙa ganin mutum kowane wata har ƙarshen ransa sabon aiki ne a gare su.

Ko zai yiwu ba tare da likita a kowane ƙauye ba? An gwada, ya kuwa yiwu. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 326, da mutane kusan 34,000. Aka koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, su bi tsari ɗaya rubutacce wajen ba da magani, aka sauƙaƙa kuɗinsa, ana kuma bin mutane har gida. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa cikin shekara uku shanyewar jiki da ciwon zuciya da mutuwar da suke jawowa sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. A wani gwajin da aka yi a Kolombiya da Malesiya, wanda aka buga a 2019, an haɗa abu uku: ma'aikacin lafiya, magani kyauta, da wani ɗan'uwa ko aboki da majinyaci ya zaɓa domin ya riƙa tuna masa. Bayan shekara ɗaya, kashi 69 cikin 100 jininsu ya sauka inda ake so, alhali a wuraren da aka bar su da kulawar da aka saba kashi 30 ne kawai. A karkarar jihar Kwara ma, nazarin da aka buga a 2014 ya nuna cewa jinin masu ciwon ya fi sauka a inda aka kawo inshorar lafiya ta al'umma aka kuma gyara asibitoci.

Nijeriya ta fara bin wannan hanya. A 2020 aka soma shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, aka kuma soma wani a jihohin Kano da Ogun. Tsarin mai sauƙi ne: a auna kowane babban mutum da ya shigo, a rubuta sunan mai ciwon a rajista, a fara da ƙwaya ɗaya ta amlodifin mai miligiram 5 sau ɗaya a rana, in jini bai sauka ba bayan wata guda a ƙara losatan, in ya ƙi, a ƙara ƙarfinsu mataki mataki, in ya gagara, a tura ga likita. Wanda bai dawo ranar da aka sa masa ba, a neme shi. Abin da aka iya yi a ƙananan asibitocin Kano, babu dalilin da zai hana a yi shi a Achida ko Gandi.

5. Abin da mai ciwon da iyalinsa za su riƙe

Game da awo. A zauna a huta minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada a ci goro ko a sha taba rabin sa'a kafin awo, kada kuma a yi magana ana cikin awo. A rubuta lambobin da kwanan wata a ƙaramin littafi, a riƙa yawo da shi kamar katin shaida. Wanda zai tafi cin rani ya tafi da littafinsa da maganin da zai ishe shi.

Game da magani. Ana shansa kullum, ko ana jin ciwo ko ba a ji. In awo ya nuna jini ya sauka, alama ce magani yana aiki, sai a ci gaba. Amlodifin yakan kumbura idon sawu ga waɗansu. Wanda ya ga haka ya koma a sake dubawa, kada ya daina da kansa. Losatan haramun ne ga mai ciki, gama yana cutar da jariri. Mace mai shansa da ta ga alamar ciki, ko take neman haihuwa, ta faɗa wa ma'aikacin lafiya nan da nan a sauya mata. A ajiye ƙwayoyi a inuwa, nesa da zafin kwano da murhu. Kada a ari maganin maƙwabci. A kuma yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda manoma ke sha bayan aiki, domin yawan shansu yana ɗaga jini yana kuma ɓata ƙoda.

Game da abinci. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji da burodi da busasshen kifi. A rage dunƙule a miya, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. A rage wa tukunyar gida duka, domin wanda aka ware wa tasa miya marar daɗi ba ya daɗewa bai koma ta kowa ba. A rage kanwa, musamman ga mai jego. A yawaita zogale da rama da kuka da kuɓewa da wake. A bar taba, a rage giya da burkutu ƙwarai, in an iya a bar su. Zoɓo marar sukari yakan ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani.

Game da azumi da addu'a. Dokar Ikilisiya ba ta hana ruwa da magani kafin karɓar Jibi Mai Tsarki ba, marasa lafiya kuma ba a ɗora musu azumin da zai cuce su. Maƙwabtanmu Musulmi, a watan Ramadan, za su iya tambayar ma'aikacin lafiya ya mai da musu lokacin shan ƙwaya zuwa sahur ko buɗa-baki. Duk wanda ya ce maka ka zubar da maganinka domin ka nuna bangaskiya, kada ka saurare shi. Ka yi addu'a, ka kuma sha maganinka.

Game da gaggawa. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara, a nufi babban asibiti a wannan sa'a. Haka kuma mai ciki da ta ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko fuska ta kumbura. Ba a jiran gari ya waye.

6. Ma'aunin nasara: ingancin rayuwa

Lambar da ke kan na'ura tana da muhimmanci. Bincike mai yawa ya tabbatar cewa in lambar sama ta sauka da 10, haɗarin shanyewar jiki yakan ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma mutum ya fi lamba. In muna so mu san ko kulawa ta yi amfani, sai mu tambayi majinyaci abubuwan da suka dame shi. Yana iya zuwa gona? Yana barci? Yana iya zuwa wurin ibada da suna da jana'iza da ƙafarsa? Kuɗin magani yana hana yara cin abinci ko zuwa makaranta? Akwai damuwar da yake ɓoyewa, ko wata matsala tsakaninsa da iyalinsa da yake zargin magani ne ya jawo, kunya kuma ta hana shi faɗa? Maza da yawa sun bar magani a ɓoye saboda irin wannan, alhali da sun faɗa da an sauya musu wani.

Wanda ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, shi ma yana cikin wannan lissafi. Yana bukatar maganinsa fiye da dā, domin kada abin ya maimaita. Yana bukatar a riƙa motsa masa gaɓoɓi, a juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, a fito da shi cikin mutane, a kuma nemi shawararsa a al'amuran gida kamar yadda aka saba. Mai jinyarsa, wadda galibi mata ce ko 'ya, tana bukatar hutu da mai karɓarta, ita ma a auna ta.

7. Abin da za mu iya yi

Mu kaɗan ne a waɗannan garuruwa, amma a cikinmu akwai malaman asibiti da ungozomomi da malaman makaranta da 'yan kasuwa, muna kuma haɗuwa kowane mako, abin da asibiti ke nema bai samu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari biyar.

Ɗaya, kowace majami'a ta tara kuɗi ta sayi na'urar awo mai kyau ta damtse, a sa Lahadi ɗaya a wata domin awo bayan sujada, a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Kada a fara sai an yi magana da asibitin da za a riƙa tura mutane, gama awon da ba shi da mabiyi shi ne farkon labarin magidancin nan na sama.

Biyu, kowane mai ciwon ya zaɓi mutum ɗaya, mata ko miji ko ɗa ko aboki, wanda zai riƙa tuna masa magani da ranar komawa.

Uku, Zumuntar Mata da ƙungiyoyin maza su duba yiwuwar adashen magani, mutum ɗaya amintacce ya riƙa sayo na jama'a daga kantin da ke da rajista, bisa ga takardar asibiti. Su kuma binciki yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Huɗu, a buɗe wa kowa ƙofa. A sanar da hakimi da mai unguwa da liman, a gayyaci maƙwabta, a fara da 'yan gudun hijira da gwauraye da tsofaffin da ba su da kowa. Sirrin kowa kuma ya tsaya tsakaninsa da mai awo.

Biyar, masu bakin magana a cikinmu su shiga kwamitin raya mazaɓa, su tambayi abu uku a cibiyar lafiyarsu: akwai na'ura mai aiki? Akwai rajistar masu hawan jini? Akwai magani kowane wata? Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, 11 ga Fabrairu, da Ranar Hawan Jini ta Duniya, 17 ga Mayu, lokuta ne masu kyau na kai wannan magana gaban shugabannin ƙananan hukumomi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaushe aka auna ka na ƙarshe, nawa kuma aka samu?
2. A cikin wurare biyar da hanya take yankewa, wanne ya fi damun mutanen garinku?
3. Wa ka sani da ya fara shan magani ya daina? Me ya sa, me kuma za ka iya yi a wannan mako?
4. Dunƙule nawa ke shiga tukunyar gidanku a yini?
5. Wa ke jinya a unguwarku ba tare da mai karɓarsa ba?

Kammalawa

'Yan'uwa, ba mu ne za mu gina madatsa ba. Wannan aikin hukuma ne, wajibi ne kuma mu riƙa tuna mata. Amma ƙaramar hanyar da ke kai ruwa bakin fangali, manomi da maƙwabtansa ne suke yashe ta. Kafin fitowar wannan mujalla ta gaba, bari kowane babban mutum da ya karanta ko aka karanta masa wannan darasi ya je a auna shi, ya rubuta lambarsa, ya kuma kama hannun mutum ɗaya ya tafi da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.